Alkaki Biyar Na Ci, Ba Bakwai Ba

Tun da labarin ya riga ya zagaye unguwa har ya tsallaka wurin aikina, kuma kowane mai ba da shi sai ya ƙara masa gishiri, na ga gara in faɗe shi da bakina, domin akwai wani lissafi a cikinsa da aka zalunce ni a kai, kuma har yanzu ban yafe ba.

Asalin abin gwaji ne. Ranar 14 ga Nuwamba, wadda ita ce ranar ciwon suga ta duniya, wasu ma'aikatan lafiya suka kafa rumfa a bakin titinmu suna gwada mutane kyauta, ni kuwa na fito ko karyawa ban yi ba, sai na miƙa yatsa don kawai na ji an ce ba a biya. Na'urar ta nuna 112. Ma'aikaciyar ta ce ga wanda bai ci komai ba, ƙasa da 100 shi ne lafiya, daga 126 zuwa sama kuma ana maganar ciwon suga ne, ta ce, "Kai kuwa Malam kana zaure, ba ka shiga cikin gidan ba tukuna, amma ka cire takalmi." Ta ƙara da cewa tun shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na sukari a rana, wato ƙaramin cokali 12, idan ma zai iya tsayawa a cokali 6 ya fi. A tsaye a wurin na yi lissafin nawa: cokali 4 a shayin safe, kwalbar lemo bayan azahar wadda ita kaɗai ta kai cokali 9, fura da nono da la'asar, shayin dare a majalisa, ban da abin da maiɗakina ke zubawa a zoɓo wanda Allah kaɗai Ya san adadinsa.

Wanda ke bayana a layi shi ne taubashina, wanda duk kun sani, kuma ba sai na kwatanta muku shi ba. Mutumin da idan mai shayi ya zuba masa cokali biyar sai ya ce ko rowa ake yi masa, mutumin da ke tauna mazarƙwaila kamar goro, amma ga shi nan siriri kamar tsinken tsire tun muna yara. Na'urar ta nuna masa 87. Ya dube ni ya yi murmushi, bai ce komai ba, kuma wannan shirun nasa ya fi kowace magana ƙona mini rai.

A daren nan na sanar a majalisa cewa na bar sukari har abada, kuma a nan ne na yi kuskure, domin da na yi shiru da bakina da babu wanda zai tsaya ƙirga mini cokali. Na ce wa mai shayinmu daga yau ruwan bunu zai riƙa ba ni, babu suga, babu madara. Ban tsaya a kaina ba. Cikin kwana uku na zama mai wa'azi, ina bin kofunan mutane da ido ina faɗa musu cokali nawa suka sha, ina tuna musu cewa gwamnati da kanta, a Dokar Kuɗi ta 2021, ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, kuma ba don tana ƙaunar su ba ne kawai. Na hana yara alawar madara da gullisuwa. Har Gwaggo, wadda ta haura saba'in tana shan furarta da sukari, sai da na tsaya a kanta na karanta mata lambobin nan, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To Likita, Allah Ya ba da lada." Daga ranar sunan ya bi ni.

Gaskiya kwanakin farko na sha wuya. Kai yana sarawa, rai yana ɓaci babu dalili, da la'asar ta yi kuma sai in ji kamar an zare mini laka. Ruwan bunu marar sukari, ga wanda bai taɓa gwadawa ba, bambancinsa da jiƙon maɗaci kaɗan ne, amma dole in sha shi ina murmushi saboda taubashina yana zaune a gefe yana juya cokali a kofinsa da ƙarfi don in ji. Na daina bi ta Kasuwar Singa idan zan shiga gari, domin ganin buhunan sukari a jibge ma tayar mini da hankali yake yi. Na sayo zuma a Kasuwar Kurmi ina murna na sami mafita, sai babbar 'yata ta karanto mini cewa a lissafin hukumar nan zuma da tataccen ruwan 'ya'yan itace duk cikin kason sukari suke. Na koma wa mazarƙwaila da hujjar cewa abin gargajiya ne, ta ce ruwan rake ne aka dafa ya daskare, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da farin. Abin da ya taimake ni a ƙarshe shi ne soyayyiyar gyaɗa a aljihu, da ɓarin goro bayan la'asar, da karyawa da ƙosai ko ƙwai maimakon burodi, da gwaiba da nake sayowa a 'Yan Lemo. Zuwa mako na uku harshena ya fara sauyawa, har na ji zaƙi a ɗanyen karas, abin da a da idan wani ya faɗa mini sai in ce ƙarya yake yi.

Ana cikin haka bikin 'yar yayata ya taso, aka ce a tara kayan gara a gidana saboda ni ke da sito mai ƙofar ƙarfe. Shinkafa da taliya da jarkokin mai ba su dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne manyan kwallaye uku da Gwaggo ta cika da alkaki da nakiya da dubulan, bayan ta kwana biyu a bakin murhu tana soyawa tana tsomawa a ruwan sukari mai tsamiya, ƙamshin yana bin iskar hunturu har cikin ɗakina. Da aka zo maganar wanda za a ba makulli, mata suka yi ta musu, kowace tana tsoron yaran wata, sai Gwaggo ta yanke hukunci ta ce, "A ba Likita, shi kaɗai ne a gidan nan ba ya shan zaƙi." Na karɓa da hannu biyu, har da cewa amana ce.

Daren kwana na 23 da barin sukari ne. An ɗauke wuta, gida cike da baƙi mata sun shimfiɗa tabarmi har tsakar gida, maza kuma suna shagon ƙofar gida, cikinsu har da taubashina. Misalin ƙarfe biyu na farka, makullin yana ƙarƙashin matashina, kuma na rantse ba da niyyar ci na tashi ba, na dai ce bari in duba ko ɓera ya shiga. Na tsallake ƙafafun mutane a hankali, na buɗe ƙofar ba tare da ta yi ƙara ba, na shiga na turo ta. Na ɗaga murfin kwallar farko na jingina shi a kan buhu. Na ce ɗanɗanawa kawai zan yi, don in tabbatar harshena ya warke. Wanda ya yi kwana 23 bai ga sukari ba, sannan ya gatsa alkakin da ya kwana yana tsotsar ruwan zaƙi, shi kaɗai zai fahimci abin da ya same ni, domin sai da na ji hawaye ya taru mini a ido. Na ci na biyu a tsaye. Na uku da na huɗu a tsugune na ci su. Na biyar na tura shi gaba ɗaya cikin baki saboda na ji kamar motsi a waje, na juya da sauri, gwiwar hannuna ta bugi murfin nan.

Duk wanda ya san murfin kwalla ya san ba ya faɗuwa sau ɗaya ya yi shiru. Ya daki siminti, ya mirgina, ya bugi jarka, sannan ya tsaya yana juyawa yana kaɗawa kamar ana buga ƙararrawar makaranta, ni kuwa ina tsugune ina lalubensa cikin duhu da hannu mai danƙo. Wata baƙuwa ta ƙwalla ihu, "Ɓarawo! Ɓarawo a sito!" Kafin in miƙe gida ya hargitse, yara suna kuka, mata suna salati, wata tana kiran a ɗauko taɓarya, can a waje kuma na ji usur ɗin 'yan sintiri. Na ji muryar maiɗakina tana cewa, "Ku taso Malam, makullin yana wurinsa," sannan na ji ta dawo tana cewa ba na ɗaki, wata kuma ta ce wataƙila ɓarayin sun ɗaure ni ne. A nan ya kamata in yi magana, kuma na yi niyya, amma alkakin ya cika mini baki, ya manne a dasashi, ba ya haɗiyuwa, ba ya tofuwa. Abin da ya fito daga maƙogwarona wani gurnani ne, wanda ya sa matan suka ja da baya suna cewa ƙato ne.

Sai na yi abin da har yau ban san dalilinsa ba: na laɓe a bayan buhunan shinkafa, a cikin sitona, a cikin gidana.

Aka banko ƙofa. Hasken tocila ya bi bango, ya bi kwallar da ke buɗe, ya sauka a kan ƙafafuna, sannan ya hau a hankali har fuskata. Mai riƙe da tocilar taubashina ne, a bayansa 'yan sintiri biyu da gora, a bayansu kuma duk matan biki suna leƙe, har da surukan da ba mu gama sabawa ba. Ga ni a tsugune da singileti da zanen barci, kumatu a kumbure, gemu yana ƙyalli da ruwan sukari, murfin kwalla a rungume a ƙirjina kamar garkuwa. Aka yi tsit na wani lokaci da na ji kamar shekara. Ɗaya daga cikin 'yan sintirin, yaron da ni na sa baki aka ɗauke shi aikin, ya sauke gorarsa ya ce, "Baba, ina wuni," da ƙarfe biyun dare. Gwaggo ta kutso ta tsakanin mutane, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Au, ashe Likita ne. Ku koma ku kwanta, awon suga ya zo yi."

Dariyar da aka yi ba ta dame ni kamar abin da taubashina ya yi ba. Bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya riƙe tocilar a fuskata bai kawar ba, ya jira har na samu na haɗiye, sannan cikin ladabi, da irin muryar da nake yi musu wa'azi da ita, ya ce, "Ranka ya daɗe, don ƙarin ilimi, shi wannan cokali nawa ne a ciki?" Wannan mutumin tun muna makarantar allo haka yake. Shi ne ya tona ni a wurin Malam lokacin da na ɓoye alewa a cikin gafaka, bayan shi ya cinye rabi. Ba ya taɓa fara faɗa, jira yake yi sai mutum ya faɗi sannan ya zo da tocila. Kuma har yau babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi shi da ke kwana a shagon waje ya riga kowa isowa ƙofar sito, da takalmi a ƙafarsa, da hula a kansa.

Wannan ne ya kawo mu kan lissafin. Da gari ya waye Gwaggo ta zauna ta ƙirga alkakinta a gaban shaidu, domin ita ba ta zuba abu a kwalla sai da adadi, ta ce bakwai ne babu. Na ce biyar na ci. Ta ce bakwai. Na ce mutum ba ya mance abin da ya ci yana kuka, biyu a tsaye, biyu a tsugune, ɗaya a baki, biyar ke nan. Maiɗakina ta ja ni gefe ta ce, "Malam, don Allah ka bar maganar nan, kana ƙara tona wa kanka asiri ne." Amma ni na san lokacin da aka watse aka bar sito a buɗe na kusan minti goma ina wanke gemu a bakin rijiya, kuma na san wanda ya ce zai tsaya ya mayar da murfin. Da safen nan na ga ƙudaje suna bin aljihun rigarsa. Na faɗa a gaban kowa, babu wanda ya saurare ni, wai ɓarawon da aka kama da hannu a kwalla ba ya ba da shaida.

Kuɗin bakwai aka sa na biya, aka sayo alkama aka cike gurbin. An karɓe makullin an ba wata yarinya 'yar shekara 12. A majalisa mai shayi yana ba ni ruwan bununa kamar kullum, sai dai yanzu idan ya miƙo sai ya tambaya ko a haɗo da alkaki. Na koma kemis an sake gwada ni a makon jiya, na'urar ta nuna 104, na kawo takardar majalisa don a gani, aka ce in bari sai bayan biki na gaba. Taubashina ya karɓa ya duba, ya ninke ta, ya goge cokalinsa da ita.