"Manya sun ce": su wane ne manyan?

Assalamu alaikum, jama'ar Damagaram.

A fadar shayi, a Kasuwar Dole, a saƙonnin muryar da ke yawo a WhatsApp, zance ɗaya ake ta nanatawa: "manya sun ce", "daga sama umarnin ya zo", "masana sun tabbatar", "wasu suna nan suna ƙulla mana makirci". Ka ce su wane ne, sai a yi maka murmushi a ce ai kai ma ka sani. Alhali ba ka sani ba. Mai faɗin ma sau da yawa bai sani ba, ji ya yi ya ɗauka. Wanda ya ƙirƙiro zancen kuwa da gangan ya bar shi babu uba.

Ɗan siyasa ya san daɗin magana mai harshen damo. Zai riƙe lasifika ya ce matsalar ruwa "an kusa shawo kanta, masu alhakin abin sun ɗauki mataki". A yi tafi. Bai faɗi wata ba, bai faɗi kuɗin aikin ba, bai faɗi wanda zai yi ba. Bazara ta zo, yarinya ta jera jarkoki a bakin famfo tun kafin kiran assalatu, rana ta take tana zaune kan ɗaya daga ciki, famfon ko ɗigo. Je ka tare ɗan siyasar, zai ce maka shi bai yi alkawarin rana ba. Kuma gaskiyarsa, bai yi ba. Dabarar ke nan.

Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce "wasu mutane". Mai magana bai kama suna ba, sai kowane mai sauraro ya saka sunan wanda dama yake ƙi: maƙwabci, ɗan wata jam'iyya, baƙon da ke haya a unguwa. Shi ya wanke hannunsa, mu muka kwashi zunubin zato, wanda Allah Ya hana mu yawaita shi a Suratul Hujurat, aya ta 12.

Addininmu bai san wannan ba. Abdullahi ɗan Mubarak, wanda ya rasu a shekara ta 181 bayan Hijira, ya ce isnadi, wato jerin sunayen waɗanda suka ruwaito magana, yana daga cikin addini, ba don shi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ibnu Sirin ya ba da labari cewa da fitina ta auku, sai malamai suka riƙa ce wa mai kawo ruwaya: ambata mana mutanenka. Idan masu kawo hadisi sun sha wannan tambaya, don me ɗan'uwa zai ji kunyar yi wa mai neman ƙuri'arsa? Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Muslim ne ya ruwaito. Danna "tura" a waya ma faɗi ne.

Wani zai ce ai Annabi (SAW) da kansa yakan hau mumbari ya ce "me ya sami wasu mutane" ba tare da kama suna ba. Haka ne. Amma asirin mai laifi yake rufawa don ya gyara cikin mutunci. Laifin da hukuncinsa kuwa a fili yake bayyana su, kuma duk wanda ke masallacin ya san daga bakin wa maganar ta fito.