Vermont: A Kyale Rajistar Dillalan Man Ɗumama Gida

Tun da zaɓen watan Nuwamban 2024 ya karya rinjayen kashi biyu bisa uku da 'yan Democrat ke da shi a majalisar dokokin jihar Vermont ta Amurka, 'yan Republican da masu mara musu baya suka kafe a kan buƙata guda, wato a soke dokar ɗumama gidaje ta shekarar 2023 ɗungurungum. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan kira shi ne yadda masu yinsa ke haɗa abubuwa biyu mabambanta su ɗaure da igiya ɗaya. A cikin dokar akwai tsarin cinikin takardun shaidar rage hayaƙi, wanda kowa ya san ya riga ya durƙushe, akwai kuma sashen da ya wajabta wa duk mai sayar da man ɗumama gida a jihar ya yi rajista, ya kuma riƙa bayyana yawan man da ya shigo da shi da wanda ya sayar. Sashe na biyun nan shi ne mafi amfani a cikin dokar baki ɗaya, kuma shi ne zai tafi a banza idan aka biye wa masu neman a yi wa dokar kuɗin goro.

An sha gwagwarmaya kafin dokar ta samu. A 2022 Gwamna Phil Scott ya hau kujerar na-ƙi a kan ƙudirin farko, majalisar wakilai ta gaza tsallake shi da ƙuri'a ɗaya tak. A watan Mayun 2023 ya sake ƙin sa hannu, amma a wannan karo 'yan majalisar dattawa 20 da na wakilai 107 suka bi ta kansa. Tsarin da aka zartar ya ɗora wa kamfanonin da ke shigo da mai cikin jihar nauyin tara takardun shaida a kowace shekara, ko dai ta hanyar ayyukan da ke rage hayaƙi, kamar toshe kafofin sanyi a gidaje da kafa na'urorin ɗumama ɗaki masu aiki da lantarki, ko kuma su saya daga wanda ya yi aikin. An kuma gindaya sharaɗin cewa tsarin ba zai fara aiki ba sai majalisa ta sake amincewa da ƙa'idojinsa. A watan Janairun 2025 hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin lantarki da gas ta jihar, wadda ita aka ba aikin tsara ƙa'idojin, ta miƙa rahotonta, ta ce tsarin bai dace da jiha ƙarama irin Vermont ba. Ban ga laifin wannan hukunci ba. Jihar da mutanenta ba su wuce 650,000 ba za ta sha wahalar tafiyar da irin wannan kasuwa mai sarƙaƙiya ita kaɗai, kuma masu rajin kare muhalli da har yanzu ke mafarkin tayar da tsarin daga kushewa suna ɓata lokacinsu ne.

Sai dai a duba yadda aka yi muhawarar kuɗin da tsarin zai ci, domin a nan ne darasin yake. A farkon 2023 sakatariyar hukumar albarkatun ƙasa ta jihar, Julie Moore, ta ce ana iya samun ƙarin senti 70 a kan kowane galan na man ɗumama gida, kuma ita da kanta ta amince cewa lissafin na gaggawa ne. Da kakar zaɓe ta zo, wasu suka riƙa ambaton daloli a kan kowane galan, suna tsorata tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Da hukumar da ke sa ido a kan kamfanonin lantarki da gas ta fitar da nata ƙiyasin, sai ga shi ƙasa da senti 10 a shekarar farko, yana hawa har zuwa kusan senti 60 bayan shekara goma. Jiha guda, doka guda, amma alƙaluman sun yi hannun riga da juna har haka. Gaskiya ne cewa duk wani hasashe yana da rauni, amma rauninsa yana ninkuwa idan gwamnati ba ta da cikakken bayanin kasuwar da take son yi wa doka. Kamfanin lantarki da kamfanin gas na bututu suna ƙarƙashin idon hukuma, ana sanin abin da suka sayar da farashin da suka sayar. Man da ake kaiwa gida-gida a tanka kuwa, wato man ɗumama gida da kananzir da gas ɗin propane, wanda fiye da rabin gidajen jihar suka dogara da shi a lokacin hunturu, ya daɗe ba ya cikin irin wannan lissafi. Bututun gas bai wuce yankin arewa maso yammacin jihar ba, saboda haka ga mafi yawan mutanen karkara motar dillali ita ce hanyar samun ɗumi.

Babbar hujjar masu adawa ita ce cike takardun rahoto nauyi ne a kan ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda da yawansu kamfanonin iyali ne masu motoci kaɗan. Wannan hujja ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Dillalin mai yana auna kowane galan da ya zuba a tankin gida, domin da wannan awon ne yake rubuta wa mai gida takardar biyan kuɗi, kuma ya riga ya saba lissafa galan-galan ɗin da ya sayar saboda harajin senti 2 da jihar ke karɓa a kan kowane galan don gyaran gidajen marasa ƙarfi. Alƙaluman suna nan a kwamfutarsa. Abin da ake nema shi ne ya miƙa jimillarsu ga hukuma a kan fom guda, ya faɗi inda ya samo man da kuma nau'in da ya sayar. Idan fom ɗin ya yi tsawo, a rage shi. Idan hukumomi biyu suna tambayar abu ɗaya, a haɗe su. Ba a rushe rajista don fom ya yi wuyar cikewa.

Akwai kuma masu cewa rajistar share fage ce kawai, da zarar gwamnati ta san yawan man da ake sayarwa sai ta lafta haraji. Wannan magana ta fi ta farko muni, domin ma'anarta ita ce a bar hukuma cikin duhu don kada ta iya yanke shawara. Majalisar da ke son ƙara haraji za ta ƙara ko da rajista ko babu, bambancin kawai shi ne idan babu alƙaluma za ta yi shi ne da ka, ba tare da sanin gundumar da za ta fi jin jiki ba. Wanda ya yi imani cewa dokar ɗumama gidaje za ta cutar da talaka ya kamata ya fi kowa son a tattara bayanan da za su tabbatar da maganarsa. Idan mutum yana gudun a ƙirga, dole a tambaye shi abin da yake tsoron ƙidayar ta nuna. Mai karatu a Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya ga yadda binciken majalisar wakilai na 2012 ya gano an biya kuɗin tallafi a kan man da ba a kawo ba, kuma ya san shekarun da aka shafe ana jayayya a kan yawan litar da ake sha a kullum.

Ko a ajiye batun sauyin yanayi gefe, buƙatar rajistar tana nan. Vermont ba ta da matatar mai, duk galan ɗin da ake ƙonawa a cikinta daga wasu jihohi ko daga Kanada ake shigo da shi, kuma akwai dillalan da ke zaune a wata jiha suna tsallako iyaka suna zuba mai a gidajen Vermont. A 2022, bayan da Rasha ta mamaye Yukren, galan ɗin man ɗumama gida ya haura dala 5, kananzir kuma ya fi haka tsada. Su wa ke ƙona kananzir? Galibi mazauna ƙananan gidajen nan na tafi-da-gidanka ne, waɗanda tankinsu ke waje, inda man ɗumama gida na yau da kullum ke daskarewa idan sanyi ya tsananta, kuma suna cikin mafi ƙarancin samu a jihar. Gwamnatin da ba ta san yankunan da aka fi sayar da kananzir ba, ko yawan dillalan da suka rage suna kai shi ƙauyuka, ba za ta iya shirya wa ranar da zai yanke ba. Ga shi kuma a watan Afrilun 2025 gwamnatin tarayya ta sallami ma'aikatan da ke tafiyar da shirin tallafin ɗumama gidaje na marasa ƙarfi, wanda ke nuna cewa jihohi za su ƙara dogaro da kansu, kuma mai dogaro da kansa dole ya san abin da ke hannunsa.

Sannan akwai dokar 2020 da ta wajabta wa jihar rage hayaƙi da kashi 40 cikin 100 ƙasa da na shekarar 1990 kafin 2030, ta kuma ba kowane ɗan jiha damar kai gwamnati kotu idan ta gaza. Ɗumama gine-gine shi ke samar da kusan kashi ɗaya bisa uku na hayaƙin jihar. Muddin wannan doka tana nan, gwamnati za ta tsaya gaban alƙali wata rana ta yi bayanin inda aka kwana, kuma ba a kare kai a kotu da ƙiyasi.

Maƙwabciyarta Massachusetts ta fi ta tsara al'amarin. Hukumar kare muhalli ta jihar ta fara ne da wajabta wa masu kawo man ɗumama gida yin rajista da miƙa rahoto duk bayan wata uku, tun kafin ta ɗora musu wani nauyin rage hayaƙi. Vermont kuwa ta zuba rajista da kasuwar takardu a doka ɗaya, shi ya sa faɗuwar kasuwar ke neman jan rajistar. Gyaran ba shi da wahala: majalisa ta ciro sashen rajista da rahoto ta mai da shi doka mai cin gashin kanta, ta damƙa shi ga hukuma ɗaya, ta kare sirrin cinikin kowane dillali, sannan a riƙa wallafa jimillar alƙaluman gunduma-gunduma a kowace shekara. Bayan haka 'yan majalisar su ci gaba da jayayyarsu a kan haraji ko tallafi ko wani sabon tsari, amma duk ɗan majalisar da ya kaɗa ƙuri'ar soke rajistar, ya kamata mutanen mazaɓarsa su tambaye shi da wane lissafi zai raba musu tallafin mai a hunturu mai zuwa.