Intanet mai gudu ba ya yi wa ɗalibi karatu

'Yan'uwa a gida sukan ɗauka mu da ke Ingila karatu ta intanet bai zame mana komai ba, tunda ba a ɗauke wuta, sabis kuma ba ya yankewa. Ni dai ba haka na gani ba. Ɗalibi a nan zai shiga Zoom ya kashe kyamara da makirufo, malam na ta zuba bayani, shi kuwa yana kwance yana latse-latsen waya. Hankalinsa kwance, ai ana naɗar darasin, zai kalla an jima. Haka bidiyoyi za su taru masa har jarrabawa ta ƙarato.

Ɗalibin gida ba ya samun wannan sakewar. Datarsa a ƙirge take, caji na iya mutuwa kowane lokaci, don haka da sabis ya yi ƙarfi sai ya sauke darasin, ya zauna da biro ya kwafe abin da ya fahimta. Wanda ya rasa aji ya tambaya a guruf ɗin WhatsApp, wani ya turo masa bayani da murya. Dole ce ta koya musu hakan, amma a ganina tsarin da ya dace ke nan ko'ina: lokaci tsayayye, rubutu da hannu, da abokin da zai tambaye ka ina ka tsaya.

Inda na nan suka yi mana nisa shi ne wajen malamai. Open University, jami'ar karatu daga nesa ta Birtaniya wadda aka kafa a 1969, ta fara koyarwa ne ta gidan waya da rediyo da talabijin na BBC, amma ta haɗa ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa ya mayar masa da gyara. Malaminmu na gida kuwa sau da yawa ya tura PDF, shi ke nan, sai ranar jarrabawa.

Lacca ta awa biyu ma ba ta intanet ba ce. Binciken da aka yi a 2014 kan bidiyoyin edX, wani dandalin darussa ta intanet, ya nuna bayan kamar minti 6 masu kallo kan fara zamewa. Malam, ka yanyanka darasin gajeru-gajeru, ka bi kowanne da tambaya ɗaya da za a amsa kafin a wuce. Ka kuma fitar da shi a murya zalla, saboda wanda datarsa ba za ta ɗauki bidiyo ba.