Kafin a cire maka haƙori, a fara tabbatar da cewa shi ne mai laifin

Jama'a, da zarar wani wuri ya kumbura a cikin baki, haƙori ake fara zargi. Mai ciwon shi yake zargi, 'yan uwansa shi suke zargi, wani lokaci har wanda zai duba shi ma bai gama kallo ba ya riga ya yanke hukunci. Ban ce zargin ba shi da tushe ba, domin mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a ƙashin muƙamuƙi daga haƙori suke tasowa, musamman wanda ya ruɓe har jijiyarsa ta mutu. Amma akwai wasu da babu ruwansu da haƙori ko kaɗan, kuma a kansu ne mutane ke asarar lafiyayyun haƙora a banza. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Ƙullutun da nake nufi shi ne wanda likitoci ke kira sist, wato wata 'yar jaka rufaffiya mai siririyar fata, cike da ruwa ko wani abu mai kauri. Ba ciwon daji ba ne. Girma yake yi a hankali, yana matsa ƙashi yana samar wa kansa wuri, kuma sau da yawa ba ya zafi sai ƙwayoyin cuta sun shige shi.

Wanda ya fi yawa cikin waɗanda ba na haƙori ba shi ne na ganɗa, wanda ake kira nasopalatin. Asalinsa tun mutum yana cikin mahaifiyarsa. A bayan haƙoran gaba biyu na sama akwai wata 'yar kafa a cikin ƙashi da ta tashi daga ƙasan hanci ta sauko ganɗa, jijiyoyi na bi ta cikinta. Lokacin da fuskar tayi ke haɗuwa, wasu ƙwayoyin halitta kan yi saura a cikin wannan kafa. Sai su kwanta shiru shekara da shekaru, sannan wata rana su fara tara ruwa. Tun 1914 aka bayyana shi a rubuce-rubucen likitanci, kuma ana ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 na iya samunsa. Ya fi kama maza, yawanci tsakanin shekara 30 zuwa 60. Wani zai ji tudu a ganɗarsa idan ya taɓa da harshe, wani zai riƙa jin ɗanɗanon gishiri a baki saboda ruwan da ke tsiyaya, wani kuwa ba zai ji komai ba, sai an ɗauki hoton haƙoransa don wata larura daban a gan shi.

To, a nan ne ake tafka kuskuren. A hoton eksire, wannan ƙullutu yana fitowa a matsayin baƙin da'ira, wani lokaci mai siffar zuciya, daidai tsakanin saiwoyin haƙoran gaba. Haka ma ƙullutun mataccen haƙori yake fitowa a kan saiwa. Wanda ya yi gaggawa sai ya huda haƙorin ya kashe jijiyarsa, ko ya tumɓuke shi gaba ɗaya. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Haƙori ya tafi, giɓi ya zauna a tsakiyar fuska, ƙullutu kuma yana nan yana ci gaba da girma.

Alhali hanyar bambancewa ba ta da wuya. Ana ɗora wa haƙorin wani abu mai tsananin sanyi, ko a taɓa shi da 'yar na'ura mai sakin lantarki kaɗan. Idan mutum ya ji, jijiyar haƙorin tana raye, kuma rayayyen haƙori ba ya haifar da irin wancan ƙullutu na kan saiwa. Gwaji ne na 'yan mintuna. Ni a ganina, babu uzurin da zai sa a taɓa haƙorin gaba saboda inuwar da aka gani a hoto ba tare da an yi shi ba. Idan ta tabbata na ganɗa ne, ta ganɗar ake bi a ɓare jakar a fitar, haƙora su zauna lafiya, kuma da wuya ya dawo.

Wasu kuma ba a cikin ƙashi suke ba. Akwai wanda ke fitowa ƙarƙashin gefen hanci ya ɗaga leɓen sama, ya fi yawa ga mata. Akwai ɗan ƙurji mai laushi a leɓen ƙasa, wanda ke biyo bayan cizon leɓe idan hanyar yawu ta fashe, sai yawun ya taru. Irinsa babba a ƙarƙashin harshe shi ake kira ranula. Akwai kuma wanda ke tsakiyar wuya, wanda ke hawa sama idan mutum ya haɗiyi yawu ko ya zaro harshe. Shi ragowar hanyar da tayirod, wato halittar gaban wuya da kumburinta ke kawo maƙoƙo, ta bi ne lokacin da take saukowa daga gindin harshe tun mutum yana tayi. Tun 1920 likita Walter Sistrunk ya nuna cewa sai an haɗa da tsakiyar ɗan ƙashin da ke saman maƙogwaro an cire, in ba haka ba ya kan dawo. Don Allah kada wanda ya sa allura ya huda ko ɗaya cikinsu. Ruwan zai fita, jakar na nan, za ta sake cika, wataƙila wannan karon da mugunya.

Kada kuma a ɗauka kowane sai an yi masa aiki. Fararen 'yan ƙwayoyin da ake gani a tsakiyar ganɗar jarirai sabbin haihuwa da kansu suke ɓacewa cikin 'yan makonni, bai kamata a kankare su ba. Haka wani rami da Edward Stafne ya bayyana a 1942 a kusurwar muƙamuƙin ƙasa, a hoto kamar ƙullutu, amma loko ne kawai a jikin ƙashi, ba ya buƙatar magani.

Mu ma masu zuwa asibiti muna da namu kason. Mu ne ke cewa, likita, cire shi kawai in huta. Mu ne ke ganin hoto da gwaji ɓarnar kuɗi ne. Ɗan uwa, ka tambaya: an gwada haƙorin nan yana raye ko ya mutu? Likita na ƙwarai ba zai ji haushin wannan tambaya ba. Idan kuma an yi tiyata, ka tabbatar an kai abin da aka ciro ɗakin gwaje-gwaje, domin akwai ƙari irin su amiloblastoma da ke kama da ƙullutu a hoto, amma aikinsu daban ne. Ka koma ka karɓi sakamakon, ka kuma koma ɗaukar hoto a lokacin da aka sa maka don a ga ko ƙashin ya cike. In kuwa leɓenka ya fara mutuwa, ko haƙora suka fara girgiɗi ba dalili, ko kumburin yana ƙaruwa da sauri, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka tafi a makon.