Jiragen balan-balan na dakon kaya: amfaninsu yana inda babu hanya

Kamfanin Flying Whales na Faransa yana shirin ƙera jirgin balan-balan mai tsawon mita 200 wanda zai ɗauki tan 60 na kaya, kusan lodin tirela biyu ke nan, kuma zai tsaya cak a sama ya zuro igiya ya janye kayan ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Tun farko an tsara shi ne domin fito da gungumen katako daga dazuzzukan Faransa da manyan motoci ba sa iya shiga, kuma gwamnatin Faransa da ta lardin Kebek na Kanada sun zuba kuɗi a aikin. A ganina, nan ne kaɗai makomar waɗannan jirage take, wato kayan da suka fi ƙarfin jirgi mai saukar ungulu, a wurin da kwalta ba ta kai ba, kamar fukafukan injinan samar da lantarki daga iska, ko ƙauyukan arewacin Kanada da ke dogaro da hanyar ƙanƙara mai narkewa da zarar sanyi ya wuce. Duk wanda ya ce za su ƙwace kasuwar jirgin ruwa ko jirgin ƙasa, ya yi zuzutawa.

Dalilin yana cikin lissafi. Iskar hiliyam ake cika jirgin da ita domin ya tashi, kuma wadda za ta cika akwatin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa mita ɗaya-ɗaya ne, kilo ɗaya kacal take ɗagawa, saboda haka dole jirgin ya zama jibgege, jibgege kuwa abin wasan guguwa ne. Airlander 10 na Ingila, mai tsawon mita 92, ya tsinke daga turkensa a 2017 alhali yana ajiye a fili. Gudunsu ma bai wuce kimanin kilomita 100 a awa ba.

Babbar matsalar kuma ita ce lokacin sauke kaya, wadda masu talla ba su cika son a tayar da ita ba. Da zarar jirgin ya ajiye tan 60, sai ya yi sakayau ya nemi cillawa sama, don haka tilas a ɗora masa nauyin da ya kai wanda ya sauke, galibi ruwa. A bakin tabki wannan ba komai ba ne, amma a tsakiyar hamada, ko a garin da ambaliya ta yanke kuma babu injin tura ruwa, wa zai tanadi lita 60,000 kafin jirgin ya iso? Wuraren da suka fi buƙatar jirgin su ne suka fi rashin abin da zai tarbe shi.

Mutane sukan tuno da gobarar jirgin balan-balan Hindenburg ta 1937 a Amurka, wadda ta kashe mutum 36, sai dai wancan iskar haidurojin mai saurin kama wuta aka cika masa, hiliyam kuwa ba ta kama wuta. Damuwar da ke tattare da ita tsada ce, domin ƙasashe ƙalilan irin su Amurka da Katar ke samar da mafi yawanta, kuma asibitoci na buƙatarta wajen sanyaya na'urorin MRI masu ɗaukar hoton cikin jiki.

Abin da ya fi dacewa a tuna shi ne kamfanin CargoLifter na Jamus, wanda ya yi alkawarin jirgi mai ɗaukar tan 160, ya gina makekiyar rumfar haɗa shi a kudu da birnin Berlin, sannan ya karye a 2002 bai ƙera jirgin ba. Yau rumfar wurin ninƙaya da shaƙatawa ce. Jirgin Pathfinder 1, wanda Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, ke ɗaukar nauyinsa, ya fara shawagi a Kalifoniya a 2024, amma shi ma na gwaji ne. Gwamnatin da aka kawo wa tayin irin wannan jirgi ta fara tambayar kuɗin dakon tan ɗaya da yawan kwanakin da iska za ta hana shi tashi a shekara, kafin ta taɓa kasafin gina hanya.