Ku ƙyale siminti, ku nuna min inda aka yanka daɓen

To, an fara. Tun da hotunan daɓen wani sito da ya tsage suka fito kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce simintin jabu ne, wancan ya ce ɗan kwangila ya cinye kuɗin rodi, har da mai cewa hannu aka sa wa mai ginin. Sannunku da ƙoƙari. An bar jaki ana dukan taiki.

Ku koma ku sake kallon hotunan da kyau. Daɓe tun daga bakin ƙofa har bangon ƙurya, shimfiɗa guda, babu layin yanka ko ɗaya, wato layin da ake yanka wa daɓe da gangan don tsaga ta bi ta nan. Ko ɗaya fa! Sannan a zo ana salati wai ya tsage?

Jama'a, kankare tsukewa yake yi idan yana bushewa, kusan rabin milimita a kowace mita. Daɓe mai tsawon mita 20 zai nemi ya ja jikinsa da wajen santimita 1. Cikon da ke ƙarƙashinsa ya riƙe shi, bango da ginshiƙai sun riƙe shi, ga shi ƙarfinsa na jure ja bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa na ɗaukar danni ba. Ina zai sa kansa? Dole ya tsage. Abin da ya rage maka kawai, ka zaɓa masa inda zai tsage tun kafin shi ya zaɓa maka.

Kuma ba wani sirri ba ne. Ƙa'idar da injiniyoyi ke bi, tazarar da ke tsakanin yanka da yanka kada ta wuce ninki 24 zuwa 36 na kaurin daɓen. In kaurinsa milimita 100 ne, kowace mita 3 ko kusa da haka a sa layi. Zurfin yankan ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, kuma a yi shi cikin yinin farko, da zarar kankaren ya kama yadda zarto ba zai ɓantaro tsakuwa ba. Wanda ya bari sai bayan sati ya zo da injin yanka, ado kawai ya yi wa daɓen, tsagar ta riga ta gama shawara. A kewaye ginshiƙai a raba su da daɓen, a kula da kusurwar da ta shigo ciki, don daga nan tsaga ta fi son tasowa.

Na san za a ce "ai da an ƙara rodi". Malam, ragar ƙarfen da ake sa wa daɓe ba ta hana tsagewa, matse bakin tsagar take yi kada ta buɗe. Wannan ma sai tana can sama-sama cikin kankaren. Wadda leburori suka tattake ta kwanta a kan ledar da aka shimfiɗa ƙarƙashin daɓen, sunanta asara. Masu cewa a ƙara siminti kuwa, yawan siminti da ruwa a kwaɓi shi ke ƙara tsukewar. Masu "gidanmu shekara talatin bai tsage ba", ɗaga tayil ɗin tukuna mu gani, kuma ɗaki mai mita 4 kake haɗawa da sito?

E, ban ruwa na kwana 7 yana da muhimmanci, tuttula ruwa a kwaɓi don ya yi sauƙin bazawa ɓarna ce. Amma ko an kiyaye duk wannan, daɓen da ba a yanka ba sai ya yanka kansa.

Tsakani da Allah mai ginin ya ba ni tausayi. Mutum ya tara guminsa, ya sayi kaya masu kyau, aka kasa gaya masa abin da aikin yini guda zai magance. Yanzu kuma ana neman a sa shi ya fasa komai, alhali siririyar tsagar da ɓangarorinta biyu ke daidai da juna cike ta ake yi. Wadda gefe ɗaya ya nutse ita ce abin tsoro, don ciko ne ba a daddaɓe ba ya zauna.

Af, masu turo min hoton tsaga ta akwatin saƙo kuna tambayar ko gini zai faɗi, don Allah ku riƙa ajiye biro ko abin awo a gefenta. Ku daina ɗauka da daddare kuma, wallahi wani hoton ban san ko daɓe nake kallo ko silin ba.