Kurkum da Gyambon Hanji: Yadda Ake Yi a Ingila da Yadda Muke Yi a Gida

A nan Ingila, wanda ya yi makonni yana zawo da jini da majina ba a fara masa da magani. Sai an duba bayan gidansa an tabbatar ba ƙwayoyin atuni ba ne, an auna alamar kumburi, sannan a zura masa na'urar hangen hanji. A gida kuwa da an ga jini sai a ce basir ne, a kawo jiƙo a jarka ko a sayo Flagyl a kemis. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin atuni da tarin fukan hanji da gyambon babban hanji kamanninsu ɗaya, maganinsu daban.

Ba wai itatuwa ba sa aiki ba ne. A Japan, a 2006, an ba masu gyambon babban hanji da ciwon ya lafa musu giram 2 na kurkumin (curcumin, sinadarin da ke cikin kurkum) kullum tare da maganinsu na asibiti. Cikin wata shida, kusan kashi 5 cikin ɗari ne ciwon ya dawo musu, waɗanda ba su sha ba kuma kusan kashi 20. A lura, a kan maganin asibiti aka ɗora shi, ba a madadinsa ba.

Ga inda ake kuskure: garin kurkum na kasuwa kashi 3 cikin ɗari ne kawai kurkumin. Sinadarin da ke cikin ƙaramin cokali ɗaya na garin bai wuce miligiram 100 ba, ke nan sai ka sha cokali ashirin kafin ka kai giram 2. Ƙwayoyin maganin kurkum da ake haɗa wa masoro don jiki ya tsotse shi da yawa kuma sun taɓa hantar wasu a Italiya a 2019. Mai shan maganin tsinka jini ko mai tsakuwar matsarmama, kada ya fara sai likita ya sani.

Ta fuskar abinci dai mun fi su. Gero, wake, kuka da nono suna ciyar da ƙwayoyin hanji masu amfani fiye da burodin leda da ake ci a nan. Ƙaron da ake tsinka a Yobe da Borno ma, giram 10 kullum na mako huɗu yana ƙara yawansu. A fara da kaɗan saboda kumburin ciki. Mai cutar Crohn (wani ciwon kumburin hanji mai daɗewa) da hanjinsa ya tsuke kuwa ya kiyayi dusa da ganye mai kauri, za su iya toshe shi.